Na'urar da Ba Ta San Laraba Ba

Ana sallame sallar asuba Mannir ya turo babur ɗinsa daga zaure, ya jingine shi a jikin katanga, ya durƙusa yana naɗe kwamfutarsa ta hannu cikin leda biyu. Ya jefa ta a buhun taki da aka wanke, ya ƙulle bakin, ya ɗaure a bayan babur da igiyar roba. An kwana ana ruwa a Tambuwal, kuma duk wanda zai bi hanyar Kebbe a watan Agusta ya san ko bai faɗi ba sai laka ta kai masa gwiwa. Matarsa Saudat ta miƙo masa kunu, ya sha a tsaye. Ta tuna masa yau Laraba ce, ai Litinin yake zuwa can. Ya ce saboda Larabar zai je.

Tungar Namadi ya nufa, wani ƙauye a bayan Fakku mai ƙaramin ɗakin shan magani. Mace ɗaya ke riƙe da wurin shekara goma sha ɗaya, Malama Safiyyatu. An aiko mata da takardar gargaɗi har biyu, wai ba ta yi wa yara allurar rigakafi. Ta uku ita ce ta sallama, kuma ƙarshen watan gobe za a rubuta ta. Hujja biyu aka kafa a kanta. Ta farko, adadin yaran da na'urar ɗakin ke aikawa ofis bai taka kara ya karya ba. Ta biyu, wata takarda da ta ce an duba na'urar, lafiya lau take. Sa hannun da ke ƙasan wannan takarda na Mannir ne.

Mutumin Sanyinna ne, ɗan manomin gero da dawa. Tun yana yaro ba a barin rediyo kusa da shi, domin sai ya kwance ta. Ya yi shekara tara a wata rumfa kusa da tashar Tambuwal yana gyaran wayoyi, sai da ya haura talatin sannan ya tafi Sakkwato ya yi difloma a fannin kwamfuta, yana zaune aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa. Ba shi da surutu. In ka kawo masa dogon bayani zai saurare ka har ka gama, ya ce to, ya ɗauki sukundireba. Ni a kan aiki na san shi, domin ni nake haɗa sola da batir a wuraren da yake kafa na'urori, kuma ban taɓa ganin ya yi alkawarin abin da bai riga ya fara ba.

Wata ƙungiya ce mai kula da rigakafin yara ta ɗauke shi. Ta sa ƙaramar kwamfuta, wadda 'yan ofis ke kira saba, a ɗakunan shan magani ashirin da uku tsakanin Tambuwal da Kebbe. Girmanta bai kai bulo ba. Ma'aikaciya za ta rubuta sunan yaro da allurar da aka yi masa a allon hannu, allon ya miƙa wa sabar, ita kuma ta aika Sakkwato duk sa'ad da ta sami intanet. Ba bin su ake yi ɗaya bayan ɗaya ana saitawa ba. Fayil guda ne na umarni a ofis, wanda wani matashi mai suna Mu'awiya ya rubuta, kuma abin da fayil ɗin ya ce shi duka ashirin da ukun suke yi, ba tambaya. Aikin Mannir shi ne zagayawa, ya share ƙura, ya duba waya, ya sa hannu. Jadawalin ofis ya ba Tungar Namadi ranar Litinin. Sau huɗu yana zuwa Litinin, sau huɗu yana tarar da na'ura tana aiki sumul.

Ya isa wajen ƙarfe tara, wandonsa ya zama ja da laka. Bai taɓa ganin garin haka ba. Kasuwa na ci, kuma tun daga gindin tsamiya har ƙofar ɗakin magani mata ne zaune da goyo. Rabinsu matan makiyaya ne da suka sauko da nono da man shanu daga rugage, waɗanda ba sa shigowa gari sai ranar kasuwa, kuma da zarar an girbe gero za su yi kudu da shanu, ba a sake ganinsu sai baɗi.

Malama Safiyyatu ta ɗago kai daga kan wani jariri ta dube shi.

"Injiniya, mi ya kawo ka yau? Kai da ba ka san hanyarmu ba sai Litinin, ranar da ko akuya ba ta leƙo mu."

Ya gaishe ta, ya ce gani ya zo yi.

"To zamna ka gani. Ni na gaji da faɗi."

Ya zauna a kan kwalin magani. Yara goma sha ɗaya suka shiga allo lafiya. Ƙarfe goma daidai, ƙaramar fitilar sabar ta koma ruwan ɗorawa, allon da ke hannun Malama ya fara juya wani ɗan zobe, ya ƙi karɓar ko harafi. Ba ta ko dube shi sau biyu ba. Ta ajiye shi, ta yago murfin kwali, ta ci gaba da rubuta sunaye da biro. A bayan ƙofa akwai tarin irin waɗannan kwalaye da ta ɗaure da zare, na wata biyar.

Ta ce tun azumi haka take yi mata duk Laraba, ba ta dawowa sai bayan la'asar, sa'ad da kowa ya watse. Kuma allon ba ya yarda a shigar da aikin da ya wuce. Ta taɓa ɗaukar kwalayen har Sakkwato a motar kasuwa, aka ce mata an daina karɓar takarda, abin da ba ya cikin na'ura ba a yi shi ba.

"Sau nawa nac ce maka tana tsayawa?"

"Sau ukku, Malama."

"Kac ce mi?"

"Nac ce ki kashe ki kunna."

Ta gyaɗa kai, ta kira mai bi.

Ya buɗe kwamfutarsa ya shiga cikin sabar, bai yi minti goma ba ya ga abin. Layi ɗaya ne a fayil ɗin Mu'awiya: kowace Laraba, ƙarfe goma na safe, kowace saba ta rufe ƙofa ta sauko da sababbin gyare-gyare daga ofis. A Sakkwato wannan aikin minti shida ne. A Tungar Namadi, inda sai an hau tudun bayan masallaci ake samun yin waya, awa shida ne. Mu'awiya ya zaɓi Laraba ne don tsakiyar mako ce, ofis ba hayaniya, yana zaune a kujerarsa in wani abu ya lalace. Ba mugunta ya yi ba. Bai dai taɓa tambayar yaushe kasuwar kowa ke ci ba, shi ma Mannir da yake zuwa da ƙafarsa bai tambaya ba. Wannan shi ya fi cin ransa a hanyar dawowa.

Yana da wani littafin makaranta mai bangon shuɗi da yake rubuta halin kowane wuri: inda rana ke fara dukan sola, inda ɓera ke cin waya, wanda ke riƙe da makulli. Kwana uku ya yi yana kiran ma'aikatan sauran wuraren yana ƙara layi ɗaya, ranar kasuwa. Ya tarar akwai wasu wurare biyu da Larabar ke cutarwa, su dai ba a kai ga rubuta musu takarda ba. Sai ya zauna ya gyara fayil ɗin. Inda aka rubuta Laraba ya goge, ya bar gurbi mai suna ranar kasuwa, wanda kowane gari zai cike da tasa ranar daga wani ɗan jeri da ya haɗa. A ƙarƙashinsa ya sa sharaɗi: in saba ta tashi da safe ta fara duba kwanan wata, idan yau ranar kasuwar garinta ce kada ta taɓa komai, idan ba ita ba ce ta karɓi gyara. Duka abin bai kai layi goma sha biyar ba.

Sai dai ba shi da ikon tura shi. Duk canji sai Mu'awiya ya duba ya amince. Ya aika ranar Asabar. Litinin aka ce an gani. Alhamis aka ce ana taron bita a otal. Mako na biyu aka ce za a duba in oga ya dawo daga Abuja. Laraba biyu suka wuce, tarin kwalayen Malama Safiyyatu ya ƙaru, wa'adinta ya ragu. Ranar Litinin ta mako na uku Mannir ya bar zagayensa, ya shiga motar Sakkwato, ya zauna a kujerar baƙi a gaban teburin Mu'awiya tun ƙarfe takwas.

Mu'awiya yaro ne mai ladabi, ya sa aka kawo masa shayi. Ya yi masa bayani mai tsawo cewa kyawun tsarin shi ne komai iri ɗaya ne a ko'ina, in aka fara ba kowane ƙauye nasa, gobe wani zai ce shi ma a yi masa kaza, ƙarshenta ba wanda zai iya riƙe abin a kansa. Ya ce ana shirin sabon tsari gaba ɗaya a shekara mai zuwa, wanda zai magance irin wannan.

Mannir ya bari ya gama.

"Yallaɓai, fayil ɗinka guda na, ban raba shi ba. Gurbi ɗai na bari. Shekara mai zuwa matar ga tana gida zamne, kuma da hannuna anka kore ta. Abin da nika roƙo, ka karanta layi goma sha biyar."

"Zan karanta, Malam Mannir, in sha Allah kafin ƙarshen mako."

"To ina nan har ƙarshen makon."

Ya gyara zama, ya ɗora jakarsa a cinya. Mu'awiya ya yi dariya, ya ga mutumin ba dariya yake ba. Kafin azahar ya karanta, ya ce a gaskiya abin ya yi tsabta, ya danna amincewa.

Mannir ya yi abin da bai saba yi ba. Ya kira Malama Safiyyatu ya ce mata an gama, Larabar nan ta ajiye biro. Bai ma je ba, yana Jabo yana canza wata waya da ɓera ya ci.

Ranar Larabar, wajen sha ɗaya, wayarsa ta yi ƙara, Malama ce. Yana jin iska da hakinta ya san daga kan tudu take kira.

"Injiniya, yau ko goman ba ta jira ba. Tun bakwai da rabi ta rufe. Gara da, ina samun yara goma kafin ta tsaya. In wannan shi na gyaranka, don Allah maida man ɓarnar."

Ta kashe kafin ya amsa.

Washegari ya kama hanya. A wani kwazazzabo bayan Fakku babur ya kwanta da shi, ya tashi ya duba buhun kafin ya duba gwiwarsa. Da ya isa Malama ta amsa gaisuwarsa ba ta bar wankin almakashi ba. Ya durƙusa gaban sabar ya karanta abin da ta rubuta wa kanta jiya, sai ya dafe kai. Kwana biyu aka yi hadari bai buɗe ba, sola bai cika batir ba, na'urar ta mutu kafin gari ya waye. Da rana ta ɗan leƙo ta farfaɗo, amma ɗan batirin agogonta, mai kamar kwabo, ya daɗe da ƙarewa. Ta tashi ba ta san ranar da take ba, ta koma ranar da aka ƙera ta, wata Asabar ta shekara huɗu da suka wuce. Ta tambayi kanta kamar yadda ya koya mata, yau Laraba ce? Ta duba agogo, ya ce Asabar. Ta rufe ƙofa ta fara karɓar gyara. Sharaɗinsa bai yi kuskure ba ko kaɗan. Shi ne ya rubuta shi a Tambuwal, ƙarƙashin fanka, ya manta damina.

Bai ba ta haƙuri da baki ba, domin ya san ta ƙoshi da wannan. Ya tambaye ta Laraba nawa suka rage. Ta ce ɗaya.

A nan kan kwalin ya ƙara sharaɗi biyu. Idan saba ba ta tabbatar da agogonta daga intanet ba, kada ta yi komai, ta bar ƙofa a buɗe. Idan batir bai kai rabi ba, haka. Ya haura tudu ya aika wa Mu'awiya, ya bi da kira. Aka ce Mu'awiya ya tafi kwas Kaduna, kwana goma, kuma ba wanda aka bar wa ikon amincewa. Wanda ya ɗauki wayar ya ce ya yi haƙuri, ai kwana goma kamar gobe ne. Mannir ya kashe wayar, ya sauko daga tudun.

Ya nemi batirin agogon a wurin masu gyaran agogo na Tambuwal, ba irinsa. Aka ce sai Sakkwato, a Sakkwato aka ce sai an aiko daga Kano.

Ranar Talata da rana, tun hanya tana da mutane, ya koma Tungar Namadi ya kwana a zauren mai gari. An yi ruwa, na'urar ta mutu kamar yadda ya zata. Da asuba, kafin rana ta taɓa sola, ya shiga ɗakin magani ya zare wayar da ke haɗa sabar da eriyar kan rufi, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Da na'urar ta farfaɗo ta nemi ofis ba ta samu ba, ba gyaran da za ta karɓa, ta zauna tana jiran allo. Ya saita mata kwanan wata da hannunsa, ya ja kwali ya zauna a gefenta.

Malama ta shigo ta gan shi, ta ga wayar tana leƙowa daga aljihunsa.

"Wannan kuma wane irin ilimi na?"

"Wanda ba ya buƙatar sa hannun kowa."

"Ashe diflomar taka ta ƙare ga gadi."

"Gadin ma sai yau na iya shi, Malama."

Ta yi ɗan murmushi, na farko da ya gani a wata biyu, ta ce ya matsa ya tare mata haske.

Tun bakwai har la'asar allon bai tsaya ba. Mata suna shiga suna fita, wata tsohuwar Bafulatana ta tambaya ko shi ma allurar yake jira, ta ajiye masa ƙwaryar nono a gabansa. Bai tashi ba sai don salla. Da mace ta ƙarshe ta goya ɗanta, ya mayar da wayar. Yara saba'in da huɗu suka tafi Sakkwato a yini ɗaya, daga wurin da ofis ya ce ba a aiki.

Bai tsaya nan ba. Ya kwashe abin da sabar ta rubuta na kowace Laraba tun azumi, sa'ar da ta rufe da sa'ar da ta buɗe. Ya ɗauki hoton kwalayen Malama ɗaya bayan ɗaya, ɗari da wani abu. Ya haɗa da wasiƙa mai layi uku, wadda ta ce takardar da ya sa wa hannu ba gaskiya ba ce, ranar Litinin ya duba, ranar Laraba matar take aiki, a cire sunansa daga ƙarƙashinta. Ya kai da kansa, ya tsaya sai da aka buga hatimin karɓa.

Ba a rubuta takarda ta uku ba. Ba wanda ya kira Malama Safiyyatu ya gaya mata, wata ne kawai ya ƙare ba ta ga komai ba. Biyun farko suna nan a fayil ɗinta, an ce ba a cire takarda in ta riga ta shiga. Yaran da ke kan kwalaye ba a shigar da su ba har yau, wai tsarin ba shi da wurin aikin baya, kuma iyayen da yawa sun riga sun yi kudu. Shi kuwa Mannir takarda ya samu, ta farko a rayuwarsa, saboda cire waya ba da izini ba da barin zagaye ranar Litinin. Ya karanta, ya ninke ta, ya sa a cikin littafinsa mai bangon shuɗi. Kwana goman Mu'awiya sai da suka zama mako uku, sannan ya dawo ya amince da sharuɗɗan biyu a rana ɗaya, ya rubuta a ƙasa cewa shawara ce mai kyau. A rahoton ƙarshen shekara an ce ofis ya inganta tsari don dacewa da yanayin karkara. Laraba biyu kafin amincewar ta zo, Mannir ya sake zuwa ya zauna a kan kwalin da waya a aljihu, da gargaɗin da komai.

Bayan girbi aka ba shi wasu sababbin wurare a wani yankin, hanyarmu ta rabu. Aikinmu na ƙarshe tare a Tungar Namadi ne, wata Litinin, na je canza batir, shi kuma ya sa ɗan batirin agogon da ya iso daga Kano bayan wata biyu. Wurin tsit, Malama tana shanya auduga a taga. Ya gama, ya share ƙurar sabar da gefen rigarsa, ya ciro takardar zagaye. A gurbin da ake rubuta lafiya lau ya daɗe riƙe da biro. Sannan ya rubuta, yana furtawa a hankali kamar mai koyon karatu: na duba ranar Litinin, tana aiki, Laraba a tambayi Malama Safiyyatu. Ya miƙa mata biron ya nuna mata inda za ta sa hannu a saman nasa, ya jira ta gama, ya ninke takardar ya sa a leda.